LAFIYA DAGA GIDA TAKE FARAWA: Nazari a kan Muhalli, Kiwon Lafiya da Kula da Raunana

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, 23:12-14, Nehemiya 2:11-18, Ayyukan Manzanni 6:1-7, 1 Timoti 5:3-16.

Manufa: Domin iyalai da shugabannin ikkilisiya su gane cewa ɗakin kwana, ɗakin magani da hidimar taimakon raunana aiki ɗaya ne, su kuma koyi yin bincike kafin su miƙa hannun taimako.

GABATARWA

Babu ranar Lahadin da za ta wuce ba a karanta sunayen marasa lafiya a majami'a ba. Wanda ya kasa kunne sosai zai lura da wani abu: sau da yawa sunayen gidaje iri ɗaya ne suke dawowa. A ɗauki misalin iyalin da suka baro ƙauyensu a Filato ko Kudancin Kaduna suka zauna a Legas, Ibadan ko Fatakwal domin neman abinci. Ɗaki ɗaya suke haya, su shida. Uwar gida tana girki a bakin ƙofa, kwata tana kwance a bayan taga, masai ɗaya ne ga ɗakuna goma. A damina ɗaya ƙaramin yaronsu ya kwanta da zazzaɓi sau uku. Kowane karo Zumuntar Mata ta kai ziyara, an yi addu'a, an tara gudummawa, an sayi magani. Yaro ya warke, an yi godiya ga Ubangiji, sa'an nan aka mayar da shi ɗakin da ya kwantar da shi.

Babu laifi cikin addu'ar, babu laifi cikin gudummawar. Amma akwai tambayar da ba a yi ba, wato, me ya sa wannan gida ne kullum? Wannan tambaya ita ce mafarin bincike, ita ce kuma abin da wannan darasi yake so ya koya wa iyalan masu bi.

1. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYAR

Mutane da yawa suna zaton tsabtar gida da tsarin gini maganar ma'aikatan gwamnati ce kawai. Amma tun a jeji Allah ya sa waɗannan abubuwa cikin Shari'ar da ya ba jama'arsa.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ɗan bango, domin a ƙasar Isra'ila mutane sukan zauna, su yi shanya, har su kwana a kan rufi. In wani ya faɗo saboda sakacin mai gida, alhakin jininsa yana kan gidan. Ashe a gaban Allah yadda aka gina gida maganar rai ce. A sura 23:12-14 kuma an keɓe wurin zagayawa a bayan zango, aka ce kowa ya haƙa rami ya rufe ƙazantarsa, dalili kuwa shi ne Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangon. A Littafin Firistoci 14:33-53 firist ne da kansa yake zuwa ya duba gidan da fumfuna ta kama bangonsa. Yakan rufe gidan kwana bakwai, ya komo ya sāke dubawa, in abin ya yaɗu a ciccire duwatsun, a kankare bango, a yi sabon yaɓe. Bawan Allah bai tsaya a Alfarwa yana jiran labari ba. Ya je, ya duba, ya jira, ya sāke dubawa, sa'an nan ya yanke shawara.

Haka Nehemiya ya yi. Da ya isa Urushalima bai fara da tara jama'a ba. Ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare tare da mutane kaɗan, ya bi garun yana duba inda ya rushe da ƙofofin da wuta ta cinye. Sai da ya gani da idonsa ya kira shugabanni su tashi su yi gini. Ubangiji Yesu ma ya yi maganar mai gina hasumiya wanda yakan zauna tukuna ya yi lissafi (Luka 14:28). Bincike ba rashin bangaskiya ba ne. Ƙauna ce wadda ta buɗe idanunta.

2. ABIN DA BINCIKE YA KOYA WA ASIBITOCIN MISHAN

Ikkilisiyar Nijeriya tana da gādo mai daraja a wannan fanni, ko da yake 'ya'yanta da yawa ba su san shi ba.

A shekarar 1956 wani likita ɗan Ingila mai suna David Morley ya zo aiki a asibitin Wesley Guild na ikkilisiyar Methodist da ke Ilesha, a Jihar Osun ta yau. Ya tarar ana kawo yara asibiti bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Maimakon ya nemi ƙarin gadaje, sai shi da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Margaret Woodland suka koma ƙauyen Imesi-Ile, suka bi rayuwar yara kimanin 400 tun daga haihuwa, suna auna nauyinsu a kai a kai, suna rubuta kowane ciwo da ya same su. Abin da ya fito fili shi ne, cututtukan da suke kashe yaran ba baƙi ba ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda, ciwon haƙarƙari, tarin shiƙa da tamowa. An kuma ga cewa yaron da nauyinsa ya daina ƙaruwa yana cikin haɗari tun kafin a ga alamar ciwo a jikinsa. Daga wannan aiki aka sami asibitin yara 'yan ƙasa da shekara 5 wanda ma'aikatan jinya suke riƙewa kusa da gidajen mutane, da katin awon nauyi wanda uwa take ajiyewa a hannunta. Katin da iyaye mata suke kai wa wurin rigakafi a ƙasashe da yawa yau, jikan wancan katin ne.

A shekarar 1974 kuma aka fara Shirin Kiwon Lafiya na Karkara na Lardin Gabas a Garkida, a ƙarƙashin mishan na Church of the Brethren. Ma'aikatan sun lura cewa mutanen da aka yi wa magani suna komowa da ciwon da aka sallame su da shi, gama rijiyar da suke sha ba ta sāke ba. Sai aka bar ƙauye ya kafa kwamitinsa, ya zaɓi mutanensa, a ba su horo na 'yan watanni, su koma gida suna koyar da tsabta, abinci da rigakafi ta wurin labarai, waƙoƙi da wasan kwaikwayo. Shekara 4 bayan haka, a watan Satumba 1978, wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, kusa da gida, tare da hannun jama'a a ciki, shi ne tushen lafiyar al'umma. A Nijeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kafa wannan tsari a ƙananan hukumomi.

Darasin Imesi-Ile da na Garkida ɗaya ne. Asibiti yana gyara abin da ya lalace, amma a gida ne ake samun lafiya, a gida kuma ake rasa ta.

3. ƘOFOFI BIYAR DA CIWO YAKE BI YA SHIGA GIDA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ta musamman a kan gidaje da lafiya, inda ta tattara binciken shekaru a kan cunkoso, zafi da sanyin ɗaki, haɗurran cikin gida da sauƙin shiga ga naƙasassu. Ga ƙofofi biyar da suka fi shafar iyalai a wannan ƙasa.

(a) Daɓe da masai. Yaro mai rarrafe da hannu yake cin duniya. Duk abin da yake ƙasa, bakinsa zai kai. A shekarar 2000 Jihar Coahuila ta ƙasar Meziko ta fara shirin zuba siminti a ɗakunan talakawa masu daɓen ƙasa. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa inda aka sauya daɓen gida gaba ɗaya, tsutsar ciki ga ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, gudawa kuma da kashi 49. Har iyaye mata an tarar damuwarsu ta ragu. Buhun siminti ba ƙwayar magani ba ne, amma ya yi aikin da ƙwayoyi da yawa ba su yi ba. Game da masai kuwa, binciken gwamnatin tarayya na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 48 suna bayan gida a fili. Ruwan sama yana kwasar wannan ƙazanta ya kai rijiya da rafi, ƙuda kuma su kai ta kan abinci. Hanyar kwalara da taifot ke nan. Masai ya kasance da murfi, ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, a ajiye ruwa da sabulu a bakinsa. Wannan ba mafarki ba ne, gama a 2022 an tabbatar da Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kawar da bayan gida a fili.

(b) Sauro. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 da 2023 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke. Sauron da yake ɗauke da cutar da dare yake cizo, yawanci a cikin ɗaki, hanyarsa kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin bango da rufi, da taga, da ƙofa. A 2006 da 2007 an gwada gidaje 500 a yankin Farafenni na ƙasar Gambiya. A gidajen da aka sa wa raga a ƙofa da taga aka kuma toshe ƙarƙashin rufi, sauron da yake shiga ya ragu da fiye da rabi, yaran gidajen kuma suka fi na sauran tsira daga ƙarancin jini. Raga ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro mai magani ba, taimakon juna suke yi. A kuma kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a buɗe kwata ruwa ya wuce.

(c) Hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Uwar da take hura itace a rufaffen ɗaki da goyo a bayanta, ita da jaririn suna shaƙar abin da yake kawo ciwon haƙarƙari da ciwon huhu. Madafa ta kasance a waje ko inda iska take ratsawa, a yi amfani da busasshen itace, wanda yake da hali ya koma ga gas. Akwai kuma hayaƙin janareta da na gawayi, wanda gubarsa ba ta da wari ko launi. Iyalai sun kwanta lafiya an wayi gari babu ko ɗaya, saboda an shigar da janareta zaure ko baranda don tsoron ɓarayi. Kada a kunna shi a cikin gida ko a gindin taga, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

(d) Ɓera. Wannan ƙofa tana da tarihi mai taɓa zuciyar ikkilisiya. A watan Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Aka kai ta asibitin mishan na SIM a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, masu bincike a Jami'ar Yale kuma suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin. A 1970 likita Jeanette Troup, wadda take binciken cutar a Jos, ta yanke a hannu sa'ad da take duba gawar wani da cutar ta kashe, ita ma ta rasu. Binciken da aka yi a Saliyo a 1972 ne ya nuna mai ɗauke da cutar, wato wani ɓera mai nonuwa da yawa wanda yake zama kusa da mutane, yana barin fitsari da kashinsa a kan abinci. Har yanzu zazzaɓin Lassa yakan tashi da rani, musamman a jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba. Kimanin mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma ga sauran yakan yi tsanani, ya fi kuma haɗari ga mace mai ciki, waɗansu da suka warke sukan rasa ji. Kariya tana hannun iyali: a zuba hatsi da gari cikin mazubi mai murfi, a daina shanya rogo da masara a bakin hanya, a toshe ramuka, a nisanta juji daga gida, a hana yara kama ɓera. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a garzaya asibiti da shi, gama maganin Lassa ya fi aiki in an fara da wuri.

(e) Cunkoso. Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafta ɗakin da mutum fiye da 3 suke kwana a matsayin mai cunkoso. Tarin fuka, sanƙarau da ƙyanda ta numfashi suke yaɗuwa, rufaffen ɗaki cike da mutane kuwa shi ne gonarsu. Ba kowa yake da halin ƙara ɗaki ba, amma kowa yana iya buɗe taga. Ɗaki mai taga biyu masu fuskantar juna ya fi mai babbar taga ɗaya shan iska. Wanda ya yi mako 2 yana tari ya je gwaji, maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta keɓe. Cunkoso yana kuma taɓa tarbiyya, gama 'yan mata da samarin da suka tasa suna bukatar sutura, ko da ta labule ce.

4. RAUNANA A CIKIN GIDA

Gidan da ya ishi mai ƙarfi yana iya zama kurkuku ga mai rauni. Dakalin da saurayi yake tsallakewa ba tare da ya lura ba, dutse ne ga tsohuwa mai ciwon gwiwa. Masai na tsugunne azaba ne ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Tsofaffi da yawa sun daina zuwa sujada ba don bangaskiyarsu ta yi sanyi ba, sai don matakalar majami'a ta fi ƙarfinsu, ba kuwa wanda ya tambaye su.

Ikkilisiyar farko ta gamu da irin wannan matsala. A Ayyukan Manzanni 6 Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci na kowace rana. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma tsawata wa masu ƙorafin ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu aikin. Sakamakon shi ne Maganar Allah ta yi ta haɓaka. A 1 Timoti 5 kuma an ga cewa ikkilisiya tana da jerin sunayen gwauraye da ƙa'idar shiga cikinsa. Bulus ya ɗora nauyin fari a kan 'ya'ya da jikoki, har ya ce wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiya. Dalilinsa shi ne kada a nawaita wa ikkilisiya, domin ta iya taimakon waɗanda ba su da kowa da gaske. Tsari ne mai hawa biyu: iyali da fari, ikkilisiya a bayansu, kuma ba a bar kowa ya faɗi a tsakani ba.

Wannan gargaɗi ya dace da zamanin da 'ya'ya suke birni, iyaye suna ƙauye. Aika kuɗi abu ne mai kyau, amma kuɗi ba ya ɗebo ruwa, ba ya lura cewa Baba ya daina shan maganin hawan jini, ko idon Mama ya yi yana. Abubuwan da suke sauƙaƙa wa tsoho rayuwa ba su da tsada: ƙarfe ko gora a jikin bango da zai dafa, kujera mai rami a kan masai, fitila a hanyar zagayawa, daɓen wanka marar santsi, awon jini da na sukari a kai a kai. Mai jinya ma yana bukatar jinya. Matar da ta yi shekaru tana juya mijinta a kan gado tana bukatar wadda za ta karɓe ta ko da yini ɗaya a mako.

5. JAGORA GA IYALI, IKKILISIYA DA AL'UMMA

Ga iyali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Miji da mata su zaga gidansu tare kamar baƙi, su duba ƙofofin nan biyar, su zaɓi ɗaya da za su gyara a wannan wata. A ajiye katin rigakafin kowane yaro. Mai ciki ta fara awo da wuri. Yaron da ya kama gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, in babu na ƙunshi a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 na ruwa mai tsabta, a kuma kai shi ɗakin magani. Zazzaɓi a gwada jini kafin a sha magani. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Annabi Ishaya ya kai wa Hezekiya alkawarin warkarwa, ya kuma sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21), Bulus kuwa ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14). Gidan da ya bar kwata a bayan taga ya kama zargin tsohuwar maƙwabciya da maita ya yi hasara biyu, ciwon bai tafi ba, zumunci kuma ya lalace.

Ga ikkilisiya. Majalisar dattawa ta kafa ƙaramin kwamiti wanda ya haɗa da ma'aikatan lafiya na cikin ikkilisiya, Zumuntar Mata, matasa, da magini ko kafinta. Su bi gidajen membobi da tambayoyi kaɗan: Mutum nawa suke kwana a ɗaki? Ina ake ɗebo ruwa? Akwai masai? Wa ya yi ciwo cikin wata uku da suka wuce, wane ciwo ne? Akwai tsoho, gwauruwa, maraya ko naƙasasshe, wa yake kula da shi? A rubuta amsoshi, a riƙe su cikin asiri, gama an je neman hanyar taimako ne, ba tonon silili ba. Sa'an nan a zaɓi aiki ɗaya ko biyu da ƙarfin ikkilisiya zai iya, a sa ranar gamawa, bayan wata 6 a koma a ga ko an sami canji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: matasa suna iya yin gayya su daɓe ɗakin gwauruwa da siminti a rana ɗaya, adashin mata yana iya sa raga a tagogin gida ɗaya kowane wata. Ikkilisiya ta kuma fara da harabarta. Yaya masai na majami'a yake? Yaya ɗakin mai gadi? Yaya gidan mai bishara a ƙauye? Mai bi da yake ba da gidan haya ya tuna cewa dokar nan ta rufi ta hau kansa, gama ba daidai ba ne ya kawo zakka daga kuɗin ɗakuna goma da ba su da masai.

Ga al'umma. Akwai ayyukan da haƙƙin gwamnati ne, sanin doka kuwa yana ba talaka baki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin kuwa ya riga ya cika. Masu bi su shiga kwamitin ci gaban gunduma da na ɗakin magani, su taimaki tsofaffi da gwauraye yin rajista, su kai kuka da ladabi da hujja a rubuce. Sauro da kwalara ba sa tambayar addinin mutum, saboda haka a yi wannan aiki tare da maƙwabta duka. Kwatar da aka yashe tare wa'azi ce wadda unguwa ba za ta manta ba.

KAMMALAWA

Ba kowane ciwo ne yake fitowa daga gida ba, ba kuwa za a ɗora wa matalauci laifin ɗakin da ƙarfinsa ya kai ba. Ubangiji ya hana almajiransa neman mai laifi sa'ad da suka ga wanda aka haifa makaho (Yahaya 9:1-3). Amma Yakubu ya yi kashedi a kan mai sallamar ɗan'uwa da fatan alheri alhali bai ba shi abin da jikinsa yake bukata ba (Yakubu 2:15-16). Sanin da ake da shi yau a kan sauro, ɓera da hayaƙi ba a same shi a banza ba, waɗansu bayin Allah da ransu suka biya. Ikkilisiyar da ta karɓi wannan sani ta kai shi ƙofar membobinta za ta ci gaba da yi wa marasa lafiya addu'a, amma yaron nan na ɗakin haya zai koma gidan da aka yashe kwatarsa, aka sa raga a tagarsa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa Allah ya ɗora alhakin jini a kan mai gidan da bai kewaye rufinsa ba? Waɗanne abubuwa ne suke daidai da wannan a gidajen yau?
2. Me Nehemiya ya yi kafin ya kira jama'a? Wace hasara ake yi in an fara taimako ba tare da bincike ba?
3. Cikin ƙofofi biyar da aka ambata, wacce ce ta fi buɗewa a wannan unguwa? Me za a iya yi a kanta kafin fitowar mujalla ta gaba?
4. Bisa ga 1 Timoti 5:3-16, ina nauyin iyali ya tsaya, ina na ikkilisiya ya fara?
5. Su wane ne suka daina zuwa sujada saboda tsufa ko naƙasa? Wa zai ziyarce su a wannan mako?

ABUBUWAN ADDU'A

A gode wa Allah domin asibitocin mishan da dukan waɗanda suka ba da ransu cikin hidimar marasa lafiya. A roƙa wa likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomai kariya da aminci cikin aikinsu. A tuna da gwauraye, marayu, tsofaffi, naƙasassu da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A roƙi Ubangiji ya ba shugabanni tsoronsa, ya kuma ba ikkilisiyarsa idon gani da hannun aikatawa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.